Sanarwar Rasuwar Ɗan Jagora, Fayil Mai Kai Ni Rumbu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, nake sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Jagora, ƙaramin fayil ɗin da ke riƙe da gajerun sunayen foldodina a kwamfutar ofis.

Marigayin mai kunya ne. Sunansa da ɗigo ya fara, irin sunan da kwamfuta ke ɓoye mai shi, don haka ba ya fitowa cikin jama'a sai an neme shi. In na buɗe baƙin allon umarni na rubuta "gona", ya ajiye ni cikin aikin yau. In na rubuta "rumbu", ya tsallaka da ni folda bayan folda har inda tsofaffin rahotanni suke kwance. Ba a taɓa jin muryarsa ba sai ƙas-ƙas na madannai. Ya ɗauke mini wahalar hanya har hanyar ta fita daga kaina.

Bai yi jinya ba. Injiniyan ofis, wanda ni na tsaya masa aka ɗauke shi aiki, shi ya karɓi kwamfutar da sunan shara, ya share har da marigayin. Da na tambaya, sai ya ce, "Haba Baba, wannan tarkacen? Ai na rage maka kaya ne."

A gidan nan ba haka aka saba ba. Ko keken rubutu da aka sallama, sai da aka shawarce ni, aka kuma bar shi mako guda a kan tebur.

Labarin ya iske ni a gaban manaja, tana jiran rahoton bara. Na rubuta "rumbu", kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na sake. Manaja ta dubi agogo. Ni da ake cewa a tambayi Baba, na rasa ƙofar rumbuna.

Ya rasu ya bar foldodi masu yawa, duk suna raye, ba a dai san inda suke ba, da dattijo ɗaya.

Babu gawa, don haka babu makara. Za a karɓi gaisuwa a teburina bayan tashi daga aiki. Injiniya kuwa, ban ce Allah ya isa ba, ban kuma ce na yafe ba. Kada ya zo cikin jama'a. Ya zo shi kaɗai kafin manaja ta iso, ya nuna mini hanyar rumbu, ya fita tun kafin wani ya gan shi.