Mama Kar-ka-taɓa Ta Faɗa Hannun Goggo

"Lafiya lau na kwana, mijin banza. Kai ne dai ban ga alama ba, ido duk ya zurma kamar mai jinyar waya."

Haka Inna Fatimatuzzahra'u ta amsa gaisuwar jikanta Hammawa da safen nan. Ina kan kekena ina jin su, don shagon ɗinkina bango ɗaya ne da zaurenta, a wani lungu bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. In su biyun nan suka haɗu, ajiye almakashi nake yi, kar in yanke wa wata hannun riga a banza.

Tsohuwar Bafulatana ce mai man shanu da kindirmo. Shekara da shekaru tana zaune bakin tashar mota, duk matafiyin da ya ratsa garin ya san ƙwaryarta. Da aka zo faɗaɗa titi aka tashe su, ta dawo wannan lungu da ko ɗan acaba sai ya yi tambaya kafin ya shigo. Ciniki ya kwanta. Babban ɗanta Zakariyya ya aiko daga Kauru cewa in watan nan ya mutu ba canji, zai turo mota a kwashe ta da komatsanta ta je ta huta. Ita kuwa ba abin da ta tsana a duniya kamar kalmar hutu. Shi ne Hammawa, wanda sana'arsa buɗe wa masu shaguna shafi a intanet, ya buga ƙirji ya ce zai jawo mata masu saye ta waya.

Ya tsuguna daga nesa kaɗan, ya ce, "Amarya, ai a hidimarki idon nan ya zurma. Ba dare ba rana ina kai sunanki gaba."

"Gaban wa? Tun da ka ce ka damƙa ni hannun Goggo, ko ƙuda bai ƙaru a kan faifaina ba."

"Gugul ake cewa, ba Goggo ba."

"Goggon gulma dai. Matar da ta san gidan kowa, ta san abin da kowa ke sayarwa, amma ba a taɓa ganin ta a suna ko ta'aziyya ba. A rugarmu irin wannan ba a ba ta aron ludayi."

"To ita ce dillaliyar zamani, ko kin so ko kin ƙi. Mutum zai rubuta mata abin da yake nema, sai ta jero masa masu shi. Wanda ya fito a sama shi ake kira. Na ƙasa kuwa sai dai Allah ya ji ƙansa."

"Ni ina ta ajiye ni?"

Hammawa ya sosa ƙeya. "Kina can ƙasa. Ƙarƙashin wani mai man kitso a Legas."

"Madalla. An tashe ni daga bakin titi an kawo ni lungu, kai ma ka ɗauke ni ka kai ni lungun waya. Ashe boko bai ƙara maka komai ba sai tsawon wuya."

"Tsawon wuyan nan a wurinki na gada. Har yau in kika wuce mangwaron Patrick mai citta, sai ya fito ya ƙirga 'ya'yan bishiyar."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Ni da samarin Kajuru suka yi sharo a kaina har aka karya bulala bakwai."

"An ce gasar wanda zai riga gudu ya bar ki suke yi. Kakana ne ya makara."

Ta ɗaga ludayin duma da take auna kindirmo da shi, ya ja da baya. Ludayin nan ya san hannun mutane da yawa a garin nan, har da nawa.

"Karanto min abin da ka rubuta a kaina," ta ce.

Ya gyara murya kamar mai labarai a rediyo. "Hajiya Fatimatuzzahra'u Gulobal Entafirais."

"Ni ce Gulobal?"

"Ke ce."

"Ranar sunana rago ɗaya aka yanka, ban ji an raɗa Gulobal ba. Ko kai ka yanka na biyun da kuɗin da ba ka da shi?"

"Ado ne na kasuwa, don a ɗauke ki babbar ma'aikata. Amma a nan gizo yake saƙa. Sunanki mai albarka ne, ba shi da laifi, yatsun mutane ne ba sa iya kai shi ƙarshe. Na ba Patrick ya gwada rubutawa, wayarsa ta kai shi wata Islamiyya a Zariya. Ni kaina sai da na huta a tsakiya na sha ruwa."

"Ragon miji. Suna ma ya fi ƙarfinka, ina ga buhun masara."

"Ki bari in ƙarasa. Dokar Goggo guda ce. Ba ta neman mutum da sunan da yake so a kira shi, sai da sunan da masu nemansa suka rubuta. Ke kuma duk faɗin Kafanchan ba mai nemanki da Fatimatuzzahra'u."

"To da me ake nemana?"

Hammawa ya miƙe, ya auna tsawon hannunta da na ludayin da ido, ya ƙara taku biyu baya, har ya kusa shigowa shagona. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta neman allurar da ke hannuna, don na san inda maganar za ta faɗa.

"Akwai wani dandali a waya na 'yan garin nan da ke zaune Abuja da Jos da Kaduna. Wata mata ta yi cigiya a ciki. Ta ce, don Allah wa ya san inda Mama Kar-ka-taɓa ta koma?"

Da jin haka, har kajin maƙwabta suka daina tono.

Kowa ya san sunan nan. Direbobi sun sani, 'yan kamasho sun sani, matan coci da ke sayen mai na bikin Kirsimeti sun sani. Inna ba ta yarda a ɗaga mata faifai, balle a tsoma yatsa a ɗanɗana. Kafin hannunka ya isa ƙwarya ka ji "kar ka taɓa", in ka yi taurin kai ludayi ya biyo baya. Amma ba a taɓa samun mai ƙarar kwanan da ya faɗa mata sunan a fuska ba, sai yau.

"Wace ce Mama Kar-ka-taɓa?" ta tambaya a hankali.

"Wata kyakkyawar yarinya ce mai man shanu, haƙoranta uku."

"Huɗu ne, makaho." Ta juyo wajena. "Ke mai ɗinki, kin taɓa jin wannan suna?"

Na ce ni ƙarar keke ta daɗe da kashe min kunne.

"Ki ji abin da mutane suka amsa," in ji Hammawa, yana jan yatsa a kan waya. "Wannan ya ce kin buge masa hannu ranar da zai tafi bautar ƙasa, har yau bai ci mai irin naki ba. Wannan ta ce man da ake sayar musu a Abuja rabinsa dankali ne, naki kuwa ko a duhu ta shinshina za ta gane. Wannan kuma ya ce ya ji labarin kin rasu."

"Wa ya ce na mutu?"

"Wani Kambai."

"Kambai ɗan acaba? Yaron da ya yi amai a zanina a motar Kagoro? Shi zai kashe ni da baki? In sha Allahu sai na ci shinkafar bikin jikarsa."

"Kin ga kenan ana nemanki. Suna linzami ne, Amarya. A sa wanda aka sani, Goggo ta ɗauko ki daga ƙasa ta ɗora a sama."

"Ba da ni ba. Ni da na taka ƙasa mai tsarki, a ce duniya ta kira ni da sunan faɗa? Ka rubuta Hajiya Mai Fara'a."

Hammawa ya riƙe ciki ya durƙusa. Ni ma a nan dariyar ta ƙwace min, na fake da tari.

"In na rubuta Mai Fara'a, wayar da kanta za ta mutu don kunya. Rabonki da murmushi tun ranar da akuya ta ci takardar jarrabawata."

"Akuyar ta fi ka amfana da ita. To ka rubuta Mai Haƙuri."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masifar nan ita ce jarinki. Wasu kuɗi suke biya a yi musu suna, ke kin samu kyauta da ludayi."

"Sake ni. Ba ni takardata yanzu, in auri ƙaninka. Shi ko ba komai yana kawo min goro."

"Wa zai karɓe ki? Shekara nawa ina tallarki, ko tayi ba a yi ba."

Ba ta rama ba. Abin da ya sa na ɗago kai kenan, don Inna ba ta barin magana ta kwana a kanta. Ta ajiye ludayin, ta gyara faifan da ba abin da ya same shi, tana kallon bakin lungun da ba kowa.

"Wancan na Kauru ya ce ya gyara min ɗaki," ta ce. Ba ta kiran sunan Zakariyya, ɗan fari ne. "Har da fanka. Me zan yi da fanka? In zauna iska tana kaɗa ni kamar shanya, ana miƙo min tuwo ana tambayata ya jiki, alhali lafiyata ƙalau. Tun ina budurwa nake kaɗa nono. Ran da hannun nan ya daina, ban san me zan ce masa ba."

Tausayinta ya kama ni sosai. Shi ma Hammawa dariyarsa ta ɗauke. Ya matso har inda ludayi ke iya kaiwa, ya zauna a ƙasa.

"Inna, zan faɗa miki wani abu, amma ki rantse ba duka."

"Ban rantse ba."

"Tun shekaranjiya na canza sunan. Na cire Gulobal, na sa Mama Kar-ka-taɓa, man shanu da kindirmo, Kafanchan. Na sa hoton ƙwaryar, na dasa alama a taswira daidai ƙofar nan, na sa lambarki. Na kuma amsa wa matar can. Abin da ya ɗaure min kai, har yanzu ba wanda ya kira."

Inna ta yi wani irin kallo, ta kai hannu gefen zaninta inda take ƙulle 'yar ƙaramar wayarta.

"Baƙuwar lamba ce take zuwa?"

"Eh mana, ai ba ki san su ba."

"Tun jiya abin nan yake kuka kamar ɗan akuya. Na ɗauka direban Kauru ne yake neman kwatance, na tura shi cikin buhun gero."

Hammawa ya ɗora hannu biyu a ka. "Ni ina can ina zagin Goggo, ashe amaryata ce ta binne kasuwa a cikin gero."

"Da safen nan na tono shi. Kuma kar ka ɗaga min murya, ban ci sadakinka ba."

Kamar jira take a ambace ta, wayar ta fara kuka a cikin ƙullin zani. Suka dubi juna. Inna ta kwance ƙullin da ƙyar, ta miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya dai danna mata yadda kowa zai ji. Muryar mace ta fito, da irin Hausar mutanen Fadan Kaje.

"Halo? Don Allah, Mama Kar-ka-taba ne?"

Inna ta dubi wayar, ta dubi jikanta, ta dubi ƙwaryar man da ta kwana uku ba a ɗaga faifanta ba. Sai ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Ita ce," ta ce. "Wa ke magana?"

"Sunana Beatrice, daga Abuja. Mama, tun Ista ina neman ka, an ce ka mutu. Muna da aure ran Asabar a gida, ina son mai galan biyu, da kindirmo na baƙi. 'Yan'uwana ma suna so. Kana da shi?"

"Ban mutu ba, mai kuma akwai. Amma in kin zo ki tsaya daga nesa ki nuna da baki. Kar ki taɓa min faifai."

Sai muka ji matar ta fashe da dariya tana kiran wata a gefenta. "Zo ki ji, shi ne. Na rantse shi ne, bai canja ba."

Da aka gama, Inna ta mayar da wayar cikin ƙulli ta ɗaure tamau, ta ɗau lokaci tana gyaran ɗankwali. Hammawa ya miƙe yana karkaɗe wando yana taƙama kamar zakara.

"A ce wani abu mana, Gulobal."

"Goggon nan taka," ta ce, "gulmammiya ce, amma tana da zumunci. Ka kira wancan na Kauru, ka ce ya ba matarsa fankar."

Daga nan ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da muke maƙwabtaka. Ta miƙo min ludayin ta ce in riƙe mata. Ta ɗaga faifan da hannunta, ta tura ƙwaryar man gaban jikanta, ƙamshi ya cika zauren.

"Taɓa."

Hammawa ya ɓoye hannuwa a baya. "Tarko ne."

"Taɓa, mijin banza, kafin in canza ra'ayi."

Ya dube ni ya tabbatar ludayin yana hannuna, sannan ya tsoma yatsa ya lasa, ya lumshe ido. Inna ta yi dariya har haƙoran nan huɗu suka fito, ta mayar da faifan ta rufe, ta karɓe ludayinta ta nuna shi da shi.

"Saura ka je ka faɗa wa Goggo an taɓa. Ka ɓata min suna a duniya, ni da kai ne."