Ƙarfen Benenmu Bai Yi Jinya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, ni babbar 'yar gidan nan, a madadin mahaifiyarmu da duk mai ciwon gwiwa a zuriyarmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ƙarfen Bene, wato ƙarfen dafawa na matakalar gidanmu. Ya bar mu ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da takwas a tsaye.

An haifi marigayin a shagon waldar Babanmu, Allah ya ji ƙansa. Da zai kafa shi bai ɗauko ma'auni ba. Inna ya tsayar a kan matakala, ya ce ta miƙa hannu inda ya fi mata daɗi, ya sa alli ya yi alama a bango. Shi ya sa marigayin ya fi sauran 'yan uwansa gajarta da kamar yatsa huɗu, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Bai taɓa neman komai a wurinmu ba sai fenti, shi ma sau uku kacal: kore, baƙi, sai wani ruwan ƙasa da har yau babu wanda ya yarda shi ya zaɓo. Ya ɗauki jiƙaƙƙen tawul bai yi gunaguni ba. Ya ɗauki jikoki goma sha ɗaya suna sulalowa a bayansa. Autanmu, wanda yanzu ake kira Injiniya, yana ɗan shekara huɗu ya cusa kansa tsakanin sanduna biyu ya maƙale. Aka yi sabulu, aka yi mai, kai ya ƙi fita. Marigayin ne ya yarda aka lanƙwasa masa sanda ɗaya don yaron ya tsira da kunnuwansa, ya rayu da wannan karkata har ƙarshen ransa. A lura da wannan, domin za a sake jin sunan Injiniya a ƙasa.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan yara suka ja kara a jikinsa sai ya ce kwararrar. Idan Inna ta tashi saukowa, zobenta na taɓa shi, sai ya ce ƙwal, ƙwal, ƙwal, duk wanda ke aikata rashin gaskiya a ƙasa ya samu damar gyara zama.

Iyalin marigayin ba su amince da jita-jitar da ake yaɗawa ba, wai ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ƙarya ce. Ko tsatsa ba ta kama shi ba. Ga abin da ya faru.

Muka yanke shawarar gyara gidan, na ɗauke Inna zuwa wurina na mako biyu saboda ƙura. Injiniya ya zana gidan duka a manhajar zanen gidaje, ya juya mana shi a fuskar kwamfuta sama da ƙasa, muna ta sa masa albarka. Marigayin yana ciki, na gan shi da idona. Ashe a manhajar akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama in ana so ƙarfen bene ya fito a zanen da za a buga a takarda. Injiniya bai sa ba. Takarda ta fito da bango, da ƙofa, da taga, har da tukunyar fure da babu wanda ya nema, amma matakala tsirara.

Magini kuwa mutum ne mai biyayya. Ya duba takarda, ya duba bene, ya ga ɗaya yana da abin da ɗayan ba shi da shi, sai ya gyara benen. Injin yankan ƙarfe ya yi aikin cikin minti arba'in. Maƙwabta sun ce sun ji marigayin yana ƙara, ƙiiii, suka ɗauka gyara ake masa.

Da na tsare maginin, ko gezau bai yi ba. Ya buɗe min takardar a kan bulo ya ce, "Hajiya, abin da babu a nan, babu shi a gida."

Injiniya ya iso da kwamfutarsa yana gumi, ya buɗe, ya nuna min marigayin tsaye ƙalau a cikinta, har da inuwa.

"Yaya, wallahi yana nan, kin gan shi."

"Na gan shi. Sai ka kai wa Inna kwamfutar ta dafa."

Maimakon ya yi shiru, sai ya shiga yi min ta'aziyya irin ta masu ilimi. Wai dama tsayin marigayin bai kai ƙa'ida ba. Wai za a sa na gilashi nan da wata uku. Kafin nan a share wa Inna ɗakin ajiya na ƙasa, dama shekarunta sun wuce hawa bene. Inna, wadda na dawo da ita gida a ranar, tana tsaye a bakin ƙofa da ledar magungunanta, duk ta ji.

Ta ɗaure zaninta, ta zauna a matakalar farko, ta juya baya, ta fara hawa a zaune, ɗaya bayan ɗaya, matakala goma sha tara. Na miƙa mata hannu ta doke shi. Ni dai ina biye da ita ina kuka, ba zan ɓoye ba. Da ta kai sama ta huta, ta leƙo ta ce, "Ɗakina a nan yake. Ranar da kuka mayar min da abin da ubanku ya auna da hannuna, ranar zan sauko."

Yau kwana biyu ke nan tana sama. Ranar Litinin take da ganin likitan ido, layin da muka yi wata biyar muna jira. Injiniya ya ce zai goya ta, ta ce ita ba buhun siminti ba ce. Wanda ya san Inna ya san gara ta rasa likitan da a sauko da ita a kafaɗa a gaban ma'aikata.

Marigayin ya rasu ya bar Inna, da matakala goma sha tara marayu, da guntayen ƙafafunsa a cikin siminti suna kama bakin zani, da tawul guda da ya rasa wurin kwana. Ya kuma bar hotonsa a kwamfuta cikin ƙoshin lafiya, abin da bai amfani kowa ba.

Muna gode wa waɗanda suka aiko da gaisuwa. Waɗanda suka ce mana ai ƙarfe ne kawai, mun ji, mun kuma riƙe sunayensu. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya zagayo ƙofar gidanmu sau uku da kurarsa yana tambayar lafiyar Inna, muna shaida masa cewa gawar nan ba ta sayarwa ba ce.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawar tana kwance a tsakar gida, gunduwa goma sha ɗaya, a lulluɓe da tamfol. Babu inda za a kai ta. Tsohon yaron shagon Baba, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, ya zo ya durƙusa ya shafa kowane yanka, ya ce da wuya amma zai haɗu. Ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe zai kunna injin walda. Injiniya ne zai ɗauko gunduwoyin ɗaya-ɗaya a kafaɗarsa, bayan ya sa wa ɗan akwatin nan alama ya sake buga takarda a gaban shaidu. Ba za a ƙara wa marigayin ko yatsa ɗaya na tsayi ba, ba kuma za a miƙe karkatacciyar sandarsa ba. Ƙa'idar da ba ta ji daɗi ba tana iya zuwa ta same ni.

Daga yau zuwa Asabar ana karɓar gaisuwa a ɗakin Inna, a sama. Ana gayyatar magini, da masu cewa ƙarfe ne kawai, su zo da manyan riguna, su faɗa mata da bakinsu. A hau a hankali, babu abin dafawa.