Hitar Inna A'i

Wata safiyar Laraba a tsakiyar sanyin bana, mutanen Ƙofar Dumi suka ga Malam Abdulbaqi mai gyaran keken ɗinki ya sauko daga adaidaita sahu, rungume da wani abu da aka lulluɓe da bargo har biyu. Mata suka leƙo ta zaure suna zaton marar lafiya aka dawo da shi daga asibiti. Sai da bargon ya zame aka ga ashe hitar ɗaki ce, irin mai haƙarƙarin ƙarfen nan da 'yan tayoyi a ƙasa. Ya ɗora tafin hannunsa a jikinta. Ta huce.

Bari in koma baya kaɗan, kada mai karatu ya ɗauka mutumin ya taɓu.

Mahaifiyarsa, Inna A'i, ta haura shekara tamanin, kuma sanyin ƙashi ya daɗe yana wahalar da ita. Da kaskon gawayi take jin ɗumi, har bara hayaƙi ya sumar da ita a ɗaki a rufe. Likita ya ce kada gawayi ya sake shiga ɗakinta. Da sanyi ya kama bana, kullum da safe sai Abdulbaqi ya tarar da ita a ƙudundune, yatsunta sun ƙi riƙe carbi.

Ana cikin haka gwamnati ta tuna da mu. Aka kafa Kwamitin Yaƙi da Sanyi, aka ba da shugabancinsa ga wani bawan Allah da mu talakawa muke kira Garkuwan Masu Rawar Ɗari, mutumin da tausayinmu ya dame shi har ya yi tumbi. Ranar rabo motoci tara suka shigo unguwa, suka toshe lungu, suka kawo hita guda ɗaya. Aka zaɓi Inna tunda ita ce tsohuwar unguwa. Da yake sun san halin da ake ciki, da janaretansu suka zo a bayan akori-kura. Aka jona, mai hoto ya ce Inna ta miƙa hannu ta yi murmushi.

Ta ce, "Ɗan nan, ai ba ta yi ɗumi ba tukuna."

Ya ce, "Hajiya, ba a ganin ɗumi a hoto."

Aka ɗauka, aka tafa, aka naɗe waya, janareta ya bi masu shi.

To mu a unguwar nan, tun damina tiransifomarmu ta ƙone. Ba za mu ce an yi banza da mu ba, don sau uku ana turo jami'ai su duba ta, kuma duk ukun sun tabbatar mana cewa lalle ta ƙone. Hita ta zauna a kusurwar ɗaki ana rataya mata ɗankwali.

Mansir mai shayi, da ya ji an ce mai ne a cikinta, ya zo da shawara. "Malam, ko man gyaɗa za ka gwada? A ɗan huda ta sama a zuba, a sa lagwani."

Abdulbaqi ya riga ya karanta takardar da ta zo a kwalin. Ya yi masa bayani cewa man a rufe yake, ba a ƙarawa, ba ya ƙarewa. Wutar lantarki ce ke ɗumama shi, shi kuma ya ɗumama ƙarfen, babu hayaƙi babu harshen wuta. Tana jinkirin yin zafi, amma ko an cire ta daga soket takan riƙe ɗuminta na ɗan lokaci.

Yana faɗin wannan ta ƙarshen ya tsaya, don dabara ta faɗo masa.

Yana da wani tsohon aboki, Obadiya, mai gadin wani katafaren gida a GRA. Abdulbaqi ne ke gyara wa matar Obadiya, Dorcas, keken ɗinkinta. Mai gidan sau biyu yake leƙowa a shekara, amma wutar gidan ba ta ko ƙiftawa. Fitilu na ci da rana tsaka suna haskaka wa kujeru. Abdulbaqi ya ce in ya jona hitar a can ta yi zafi sosai, ya naɗe ta da bargo ya rugo gida, ai Inna za ta sami ko da ɗumin rabin sa'a.

Ranar farko layin masu neman fetur ya cinye rabin titi. Rana ta biyu taya ta yi faci. Ranar Larabar nan ce ta uku, kuma sun kusa isowa ke nan aka tare hanya domin wani mai girma zai wuce zuwa taron duba halin da talakawa ke ciki. Suna tsaye a rana hita tana hucewa a cinyarsa.

Ya shiga da ita ɗaki duk da haka. Inna ta taɓa, ta ce, "Sannu. Ka bar wahalar da kanka haka nan." Yana fita ya ga idonta a kan tsohon kaskon da ke kife a bakin ƙofa. Ranar ko keke ɗaya bai iya gyarawa ba.

Da ya koma wurin Obadiya da matarsa ya ba su labari, Dorcas ta ajiye almakashi ta dube shi. "Malam Abdul, kai da wayonka? Kana ta ɗaukar ɗumi kana kai wa Mama. Ka kawo Mama wurin ɗumi mana."

Obadiya ya sosa kai, don aikinsa ne a kan siraɗi. Ya dubi ƙofar ƙarfen gidan, sannan ya ce da irin Hausarsa, "Kawo shi. Uwa ne."

Tun daga washegari, da an idar da sallar asuba, sai Abdulbaqi ya ɗauko Inna a adaidaita ya kai ta ɗakin gadi. A rufe ƙofa, hita ta ɗumama a hankali, Dorcas ta dama kunu. Cikin mako guda yatsun tsohuwa suka saki, har ta fara gyara wa Dorcas hannu a miyar kuka ba tare da an tambaye ta ba.

Ranar da ake tsoro kuwa ta zo. Mai gida ya dira ba sanarwa, ya leƙa ɗakin gadi, ga tsohuwa a zaune da kofin kunu. Obadiya ya fara zufa, ba ta hita ba.

Mai gida ya nuna hitar da makullin mota. "Wannan daga ina?"

Abdulbaqi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, Kwamitin Yaƙi da Sanyi ne ya ba mahaifiyata."

Ashe mai gidan ɗan kwamitin ne. Ya sunkuya ya duba lambar da ke jikinta, fuskarsa ta canza. "Wato da gaske an bayar da guda ɗaya? Shi ya sa kasona bai cika ba."

Ya zaro waya, ya koma mota yana faɗa da wani, ya fice. Bai ce a kori tsohuwa ba, bai ce a bar ta ba, don ko ganinta ma ba na jin ya yi. Obadiya na nan a bakin aikinsa, Inna kuma ta ƙarasa sanyinta lafiya a GRA.

Tiransifoma ta iso a ƙarshen watan Maris, lokacin da mutane suka fara shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi. Ranar da wuta ta zo, Inna ta ce sai an kunna mata hitarta a ɗakinta ko sau ɗaya. Abdulbaqi ya jona. Ta zauna tana fifita, gumi na zuba, har ƙarfen ya yi zafi. Ta taɓa ta gyaɗa kai.

"To, na gani. Kashe."

Bai kai ga makunni ba aka ɗauke wutar. Masu wuta, Allah ya saka musu da alheri, ba sa son su ga talaka yana wahalar miƙa hannu.