Yadda Za Ka Ci Kujerar Kurmin Gawo Kana Zaune a Dubai

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. In ka bi matakan nan, kujerar Majalisar Wakilai taka ce, ko ba ka taka mazaɓar ba. An gwada su a kan Alhaji Sharfuddeen, mai kamfanin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Buteen ta Dubai, a zaɓen fid da gwani na 2018, kuma har gobe ana ba da labarinsa.

1. Nemo kujerar da ba mai ita

Ɗan majalisar Kurmin Gawo, can bayan garin Kano, ya ce Sanata zai nema. Kafin ya rufe baki mutum tara sun buga fosta. Labari ya iske Sharfuddeen yana auna kwalaye. Shekara goma sha shida yana Dubai, duk sabunta biza sai an ɗebi jininsa, kuma kowa habibi, wato masoyi, yake ce masa, har masu dako. Shi kuwa so yake ya shiga wuri a miƙe masa tsaye, a ce Honarabul. Wannan kwaɗayin ya wadatar. Kada ka wahalar da kanka da neman manufa.

2. Kada ka koma gida

Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Saboda haka zauna inda kake. Ɗauki hoto a gaban ginin da ya fi kowanne tsawo, ka tura a buga. Sharfuddeen ya naɗa ƙaninsa Ado wakili, aikinsa ya ɗaga waya sama a wurin taro, mutane su ga haƙoran ɗan takara suna motsi ba sauti.

3. Yi alƙawari daidai girmanka

Da ya bar Kurmin Gawo gonakin rogo ne. Yanzu gidajen malaman makaranta ne da 'yan fansho, kuma kukansu ɗaya: kwalbatin da ruwa ya cinye, wanda duk damina yake raba unguwar biyu. Kwalbati bai dace da mutumin Dubai ba. Sharfuddeen ya yi musu alƙawarin jirgin ƙasa mai tuƙa kansa, da tashar mota mai na'urar sanyi. Talaka ba ya girmama abin da ya san za a iya yi.

4. Raina abokiyar takara

Mai ƙarfi cikin tarar nan ita ce Hajiya Wasila, tsohuwar shugabar firamare, wadda motarta ba ta tashi sai an tura. Ba ta da wata dabara. Suna, tana can. Dubiya, tana can. Rasuwa kuwa, da tabarmarta take zuwa. Rabin daliget ɗin da za su zaɓi ɗan takara ita ta koya musu riƙe fensir. Da aka faɗa wa Sharfuddeen a gidan shayi na unguwar Abu Hail, sai ya yi dariya.

"Khalas, ku bar zancen," in ji shi. "Matar da ko kwantena ɗaya ba ta taɓa saukewa ba?"

5. Aika ta'aziyya kamar kago

Nan ne gwaninta take, ka kasa kunne. Ado ya fara ƙorafin cewa ana rasuwa kowane mako, kuma mutane suna lura da wanda bai zo ba. Ɗan kago ba ya aika kwali ɗaɗɗaya. Sharfuddeen ya tsaya a bakin ruwa yana jiran kwalekwalen tsallakawa, ya raunana murya, ya naɗi saƙo guda ba sunan kowa: "Wannan rashi namu ne gaba ɗaya. Allah Ya gafarta, Ya ba mu haƙurin jurewa." A ƙarshe ana jin matuƙin kwalekwale yana ƙwala "Yalla! Yalla!" Bai saurara ba kafin ya tura. Babban mutum ba ya sauraren kansa.

Duk rasuwa sai ya danna, ya tura shi. Abin da ya manta, a wurin zaman makoki ana kunna irin wannan saƙon ne a kan tabarma, jama'a su shaida. Zuwa rasuwa ta biyar, dattawa sun fara sunkuyar da kai suna jiran yalla.

Sai mahaifiyar Malam Gidaɗo ta rasu. Shi ne shugaban jam'iyya na yankin, daliget suna hannunsa, kuma aminin mahaifin Sharfuddeen ne. Ado ya roƙi yayansa ya hau jirgi ko na kwana ɗaya ne. Ya ce ana masa lodi. Ya danna. Malam Gidaɗo ya saurara har ƙarshe a gaban mutane, ya miƙa wa Ado wayar, ya ce, "Na ji shi a rasuwar mijin Rabi. Ashe bai lalace ba." Hajiya Wasila kuwa kwana uku ta yi a cikin gida tana taya matan gidan karɓar gaisuwa.

6. Sauka ana gobe zaɓe

Zo da farar jallabiya da turaren da zai riga ka shiga zaure. Daliget ɗari uku sun ba Sharfuddeen hannu, kowa ya ce sai kai. Aka ƙirga, Hajiya Wasila ta ɗauke tikiti. Shi ƙuri'a huɗu ya samu, kuma har yau yana cigiyar masu su.

7. Karɓi jaje da dattako

Washegari ya sa Ado ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu, don ko ɗan takara ya faɗi, jama'a sukan zo masa jaje. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ba wanda ya leƙo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a gidan nan aka haife shi, ga shi zaune kamar baƙo.

Can waya ta motsa, saƙon murya daga Malam Gidaɗo. Ransa ya yi sanyi, ya ce dattijo dattijo ne. Ya kunna, sai ya ji muryar kansa tana cewa wannan rashi namu ne gaba ɗaya. Kafin ya ƙare wani saƙon ya shigo, sannan wani. Zuwa magariba sun haura ɗari, kuma kowanne da yalla yake ƙarewa.

A kula: wanda ya rubuta wannan ba ya ɗaukar alhakin faɗuwar kowa, ko zubewar mutuncinsa a unguwarsu. In ka bi matakan nan ka sha ƙasa, kada ka shimfiɗa tabarma kana jirana. Turo lambarka, akwai saƙon da na tanada.