Dorinar Alhaji Zulkiflu

Duk wanda ya ce Yelwa ba ta da masana, bai taɓa cire takalmi a ƙofar ɗakin Alhaji Zulkiflu ba. Allah Ya zuba mutane iri-iri a bakin wannan ruwa, masu su da masu albasa da masu tuƙa jirgi. Amma mai kwamfuta guda ɗaya Ya yi, kuma da Ya tashi yin sa bai rage komai ba. Ga tumbi, ga tabarau, ga biro huɗu a aljihun gaba, kowanne da launinsa, ko da yake ba a taɓa kama shi yana rubutu ba.

Albasa ce ta yi masa arziki, amma ba ya son a tuna. Sunan da yake so shi ne Injiniya. Mutanen gari masu kirki ne, suka ba shi, har da gyara. Injiniya Kar-a-Taɓa suke ce masa, don kalmar da baƙo ke fara ji ke nan kafin a amsa masa sallama.

Wasu masu hali dawaki suke tarawa, wasu tattabaru. Shi Alhaji matattun kwamfutoci yake tarawa. Duk ofishin da ya ji an fitar da tsohuwar na'ura za a sayar wa 'yan gwangwan, sai ya riga su zuwa. Guda uku ya samu, ya kwashe albasa daga ɗakin ajiya ya jera su, ya raɗa musu suna: Kada, Giwa da Dorina. Dorina ce babba. Tsayinta ya kai kafaɗar mutum, faɗinta ya fi na firiji, gabanta jere da ƙananan fitilu da makunnai. Turawa wai ƙaramar kwamfuta suke ce mata, don waɗanda suka riga ta ɗaki guda suke cikawa. Wasu masu binciken kifi ne suka zo da ita bayan an gina madatsa an tare ruwa, suka gama aikinsu suka tafi suka bar ta a wani sito can ɓangaren Warra. Ƙarti shida suka ɗora ta a jirgi, jirgin ya dinga shan ruwa har Yelwa.

"Wagga da kuka gani," in ji Alhaji ga duk wanda ya tsaya, "shekara shidda muna aiki tare. Ni ka buɗe ta, ni ka ruhe ta. Bature da kansa ba ya shiga ɗakin sai na hito."

A lokacin shekara biyu ke nan da yanke Jihar Kebbi, kowa yana kakkaɓe takardunsa yana jiran a kira shi Birnin Kebbi. Alhaji ba shi da takardu, amma yana da Dorina. Abu ɗaya ne ya rage: ba ta motsi. Sai ya aika aka kira Ɗangana.

Ɗangana makanikin injin jirgi ne, rumfarsa na bakin tashar jiragen ruwa. Shekara ashirin yana wannan aiki, yana haɗawa da gyaran rediyo idan ruwa ya ja baya. Injin da ya kwana uku a ƙasan tafki an taɓa kawo masa, ya tashe shi. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ka tambaye shi ko abu zai gyaru, sai ya ce ka dawo jibi.

Ya cire takalmi kamar yadda aka umarce shi. Aka karanta masa dokoki: ba a shiga da ruwa, ba a tari, ba a jingina. Sannan Alhaji ya yi masa lacca ta rabin awa a kan abin da ya kira sistem. Ɗangana ya jira aka gama, ya zagaya baya ya kwance murfi.

Gidan zanzaro goma sha ɗaya ya ƙirga a cikin sistem ɗin. Ga sheƙar ɓera an yi mata shimfiɗa da ɓawon albasa, ga wayoyi an gwaigwaye su kamar rake.

"Mi ka gani?" in ji Alhaji daga nesa.

"Masu haya."

Mako uku ya yi yana zuwa kullum bayan azahar. Ya fasa gidajen zanzaro da tsinke, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi. Fankar ciki ta ƙame, ya jiƙa ta da man inji har ta saki. Wasu 'yan gwangwanayen riƙe wuta da ake kira kondensa sun kumbura kamar cikin kwaɗo, ya ciro na tsofaffin rediyo ya maye gurbinsu. Bai san abin da na'urar take yi ba, bai kuma yi da'awar sani ba. Abin da ya sani shi ne wuta tana da hanya, kuma inda ta tsaya nan ciwon yake.

Ranar wata Laraba ya tada janareta, ya ɗaga makunni. Fanka ta juya. Fitilun gaba suka kama, ja-ja-ja, suna ƙyaftawa. Ɗangana ya juya don ya ga murnar mai kaya. Ya tarar Alhaji ya yi tsaye kamar wanda aka ce masa baƙi sun sauka alhali tukunya ba komai.

"Madalla," in ji Alhaji. "Kashe ta hakanan. Kada ta gaji."

Washegari Dorina ta ƙi tashi. Ɗangana ya duba, ya ga babu fiyus. Da ƙonewa ya yi da ya gane, amma wannan babu shi ne ɗungurungum. Ya sa wani, ta tashi. Kwana biyu ta sake mutuwa, fiyus ya sake tafiya. Karo na uku waya ce ta fita daga mazauninta, ga kuma notin da ke riƙe da ita an ajiye shi a gefe a tsanake. Ɗangana ya daɗe yana kallon notin nan. Ya san ɓera yana ci, amma bai taɓa ganin wanda ke kwance noti ba.

A waje kuma Alhaji ya buɗe sabon babi. Kullum bayan la'asar a gindin ɗorawar ƙofar gidansa, sai ya yi ajiyar zuciya a gaban jama'a.

"Matsalar ƙasag ga ita ta rashin ƙwararru. Ni na san aikin, amma hannun da za shi gyara babu. Wanga yaro na tasha ya yi iya yinshi, Allah Ya sani. To amma wanda ya saba da injin kwalekwale, ina shi ina teknikal? Tun da yat taɓa ta ma sai baya-baya take yi."

Yaron da ake magana furfura ta fara fito masa a gemu.

Magana ba ta da ƙafa amma ta riga Ɗangana isa tasha. Aka fara cewa hannunsa ya mutu, wai akwatin Alhaji ya shanye masa basira. Masuntan da suka shekara goma suna kawo masa inji suka fara wucewa ta gaban rumfarsa da injinsu a kafaɗa, suna gaishe shi da ƙarfi fiye da kima, suna shiga jirgin Warra don kai wa makanikan can. Akwai ranar da ya wuni bai taɓa sufana ba. Sunan da ya gina shekara ashirin yana zubewa, a kan na'urar da ya riga ya gyara sau uku.

Ranar Talata yana durƙushe bayan Dorina, Alhaji ya sa hannu a aljihun gefe zai ciro goro. Goro ya fito, fiyus biyu suka biyo shi, suka gangara har gaban gwiwar Ɗangana.

Ɗangana ya dube su, ya dubi Alhaji.

"Samfur na," in ji Alhaji. "Ina nazari a kansu."

"Allah Shi ba da sa'a," in ji Ɗangana. Ya tsince su ya sa a aljihunsa.

Da yamma ya sami Baba Hammadu yana ɗinkin koma a bakin ruwa. Tsohon masunci ne, shi ke kai wa masu binciken nan kifi a zamaninsu suna aunawa. Ɗangana ya tambaye shi ko da gaske Alhaji ya yi aiki da na'urar.

"Ƙwarai kuwa," in ji tsohon, bai ɗaga kai ba. "Bai yi ƙarya ba. Shi ka buɗe ɗakin da sassahe, shi share, shi goge ta da tsumma, shi hito, sannan Bature shi shiga. Kuma wallahi ya iya. Ko ƙura ɗaya ba ka gani."

Ɗangana ya zauna a kan kifaffen kwalekwale ya yi lissafin abin. Muddin Dorina na kwance, Alhaji injiniya ne wanda makanikai suka ci amanarsa. Ranar da ta tashi, wani zai ce masa bismilla. Har ya ji tausayinsa kaɗan. Sai ya tuna rumfarsa, tausayin ya ragu.

Ana haka labari ya zo cewa wata jami'a daga Birnin Kebbi tana zagaya ƙananan hukumomi tana rubuta sunayen masu ilimin kwamfuta. Hajiya Zakiyya sunanta. Alhaji ya aika mata da gayyata da buhun albasa. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka kira dattawa da masunta don su zama shaida. Ya aika wa Ɗangana ma, don laccar tana buƙatar wanda za a nuna da yatsa.

Ranar da Hajiya ta zo, Alhaji ya sha babbar riga, biro ya zama biyar. Janareta na ruri a waje don fankar baƙi. Ya tsaya gaban Dorina ya dafa ta da yatsa biyu.

"Hajiya, abin da ke cikin wagga na'ura, da za ta buɗe baki, da jihag ga ta wuce Legas. Ni da ita mun san juna. In na zauna gabanta, yatsuna ba su ganuwa don sauri. Amma ga ta kwance. Na ba da ita ga makanikin da anka ce shi na gwani duk bakin ruwan ga. Ga shi can. Ban ce ya ɓata ta ba. Ban dai ce ya gyara ba."

Kowa ya juya ya dubi Ɗangana. Wani ya yi 'yar dariya a baya.

Ɗangana ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. "Alhaji, a ba ni izini in ɗauki sufanata, na mance ta a baya."

Ya zagaya. Kamar yadda ya zata, mazaunin fiyus wayam. Ya ciro ɗaya daga cikin samfuran Alhaji ya danna, ya ɗaure wayar da ya san za a kwance, ya ɗaga makunni.

Fanka ta ɗauka. Fitilu suka bi layi suna ƙyaftawa. Wani faifai a ciki ya fara juyawa da gurnani, har dattawan gaba suka janye ƙafafunsu. Wani gilashi mai kama da talabijin da ke kan tebur ya yi kore, rubutu ya fito layi biyu, wani ɗan ɗigo ya tsaya a ƙasa yana ƙiftawa, yana jira.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Zakiyya. "Irinta munka koya a makaranta, ban zaci zan sake ganin mai rai ba. Bismilla, Injiniya."

Alhaji ya zauna a kujera a hankali, kamar mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba. Ya gyara tabarau. Ya naɗe hannun riga. Ya dubi maɓallan rubutu da ke gabansa, su ma suka dube shi. Ya ɗaga yatsa ɗaya, yatsan ya yi shawagi kamar shirwa, bai sami abin sura ba, ya koma. Dorina na ta gurnani. Can hannunsa ya yi abin da ya sani: ya kama gefen babbar riga ya goge gilashin, daga sama zuwa ƙasa, har kusurwoyi. Gilashin kuwa ya yi ƙal.

"A zamaninmu," in ji shi, "sai ta yi awa biyu tana ɗumi kahin a taɓa ta."

"Bari in gwada kahin ta gama ɗumin," in ji Hajiya.

Ta sunkuya ta gefen kafaɗarsa ta buga wasu kalmomi. Injin buga takarda da ke gefe ya farka da ƙara kamar ana ɓarin gyaɗa a kwano, ya fara amayo takarda. Ta yage ta karanta. Sunayen ƙauyukan bakin ruwa ne, da irin kifin da aka kama a kowanne shekara ashirin da suka wuce: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙurungu, da nauyinsu. Masunta suka matso. Da ta karanta nauyin wani giwan ruwa da aka kama a ƙasan Shanga, Baba Hammadu ya ce shi ya kama shi, kuma shekara ashirin yana faɗa ana cewa ƙari yake yi.

Hajiya ta buɗe littafinta, ta nemi wanda ya tada na'urar. Ɗangana ya ce shi ba ya son aikin ofis, a dai faɗa a tasha cewa ta tashi. Bai ma buƙaci roƙon ba. Kafin ya sa takalmi, mutum biyu sun tambaye shi ko yana rumfa gobe.

Alhaji bai karaya ba, manya ba sa karaya. A gindin ɗorawa ya bayyana cewa shi ya horar da Ɗangana, kuma da gangan ya bar Hajiya ta taɓa don ƙarfafa wa mata gwiwa. Dorina dai ya sa an lulluɓe ta da zane, ya ce ta tsufa, a bar ta ta huta.

Bayan wata biyu aka ga mota ta sauke masa ta huɗu daga Kontagora, ta fi Dorina girma, ta fi ta mutuwa. Wannan karon Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya yi bincike, ya yi shawara, ya auna gwanayen garin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ba da aikin gyaranta ga mai facin keke na bakin kasuwa.