Wa Ke Hure Wutar Obin?

"Lafiya lau, in ka cire ajalin da ke zaune a kicin. Tsaya nan! Kada ka taɓa makunnin fitilar nan!"

Haka na amsa gaisuwar ɗan gwaggona, kafinta, taubashina tun muna yawo ba takalmi. Ni na kira shi, don maigidan ya yi tafiya. Obin ɗina, murhun gashi mai gas, tsoho ne, irin mai 'yar ƙaramar wuta a gindi da ke ci dare da rana, ita ke kunna babbar in an murɗa. In ta mutu, gas ba ya tsayawa, sulalowa yake yi. Kwanan nan kullum sai ta mutu, yau kuwa na dawo kasuwa na tarar kicin ya cika da wari. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna, wadda ba ta iya tashi sai an ɗauke ta.

"Wane wari? Ni ban ji komai ba," in ji shi. "Ko girkinki ne? Shi ma ai yana kisa."

"Da wannan hancin da mura ta toshe? Bawana, me kake zarowa daga aljihu?"

"Ashana. In duba miki inda yake yoyo."

Na kai wa hannunsa duka, kwalin ya faɗi.

"Innalillahi! Ka gaji da duniya ne? Je ka mutu a shagonka cikin katakonka, kada ka haɗa da uwata!"

"Haba, uwar tsoro. Ni da na taɓa kashe gobara da atishawa?"

"Gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Na rufe tukunyar gas, na buɗe tagogi. Shiga ka ɗauko Inna, ko ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka."

A nan dariyarsa ta ɗauke. Ya fito da ita a rungume, ya zaunar da ita can ƙarshen tsakar gida, ya dawo gumi na bin gemunsa. Muka jira har warin ya baje. Na kaɗa kumfar sabulu na miƙa masa.

"Shafa a jikin tiyo da duk mahaɗa. Zan buɗe tukunyar. In ka ga kumfa na kumbura, yoyo ne."

"In ya fashe fa?"

"Sai in gaji zartonka."

"Allah ya isa! Ni ne ɗan gwajin?"

"Bawa ake turawa gaba."

Ya shafa yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Kumfa ba ta motsa ba. Na sake rufe tukunyar, na goge bakin 'yar wutar ko maiƙo ne ya toshe. Fes yake. Saura kunnawa.

"Kunna mana, jarumi."

"Obin ɗinki ne, ya fi sanin muryarki."

"Ina mai kashe gobara da atishawa?"

"Yau mura ta rage mata ƙarfi."

Ni na durƙusa. Ya buɗe tukunyar, ya tsaya bayana riƙe da gefen mayafina, wai don ya janye ni. Ƙarya ne, ɓuya yake yi. Na ƙyasta ashana. Wutar ta kama, shuɗiya, tsaf. Ban gama hamdala ba sai na ga ta kwanta gefe ɗaya, ta yi rawa, ta mutu. A take na ji sanyin iska a idon sawuna.

"Rufe tukunyar!"

Na bi sanyin da ido har ƙofar baya. Ƙasanta a wangale, har kyanwa za ta iya shigowa ba sallama.

"Kai! Wa na ce ya ɗan kankare ƙofar nan da take jan ƙasa?"

"Ƙofa ce ta tsufa, ta gajarce. Kamar ke."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga! Kankara na ce, ka sa zarto ka yanke mata ƙafa! Ina ta zargin mai sayar da gas, ina kwana ido biyu, ashe ɗan gwaggona ne ke hure mini wuta daga shagonsa!"

"Iska na ba ki kyauta, don zafi."

"Saura kaɗan ka ba mu kabari kyauta!"

Ya dubi ƙofar, ya dubi Inna can tsakar gida. Ya tuɓe sabuwar rigarsa, ya naɗe, ya cusa a gibin. Na sake kunnawa. Wutar ta miƙe tsaye ƙyam, ko gezau.

"Na sallama, uwargijiyata," in ji shi, yana dariya da singileti. "Yanzu zan ɗauko katako. Rigar kuma na bar miki."

"Tsumman ƙofa dai. Da ma da shi ta yi kama."

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya: "In kun gama, ku bar ni a nan. Ba na komawa ɗakin nan sai na ji ko kafintan nan ne ya yi ƙafar gadona."