Yadda Ake Zama Gwanin Dunƙula Garin Magani Ba Tare da An Iya Ba

Kai da kake son a kira ka gwani a masana'antar magani, amma karatu na sa maka ciwon kai, matso nan. Na tsufa ina tura gangunan magani a wata masana'anta a bayan birnin Semarang, inda ake sakaya namiji da Mas, mace da Bu, babba kuma da Pak, kuma a gabana Mas Gandung ya bi matakan nan yana neman kujerar shugaban sashe. Ka bi su yadda ya bi, na yi maka alkawari sunanka ba zai ɓace a bakin mutane ba.

1. San aikin, amma daga nesa

Garin magani tsinke-tsinke ne, ba ya zuba, maƙalewa yake a injin buga ƙwaya. Shi ya sa ake juye shi a tanki, inji na juyawa, ana ɗiga masa ruwan haɗi har ya kama juna ya zama 'yan dunƙule kamar ƙwan kifi. Iyakar abin da za ka sani ke nan. Wanda ya san fiye da haka, aiki ake ba shi.

2. Nemi mai yin aikin, ka tsaya a gabanta

A sashenmu Bu Lastri ce, mai digiri, ba ta son surutu. Ita ke auna ruwan, ita ke saita gudun inji. Gandung kuwa wurin tsayuwa ya zaɓa, daidai tagar gilashin da manya ke leƙowa. Hannu a baya, gira a haɗe.

3. Ƙirƙiro wa kanka sirri

Gandung kan kara kunne a jikin tanki, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai. Ya ce gari na magana, sai dai ba da kowa ba. In dunƙule sun yi kyau, dama ya ji. In sun lalace, tun safe ya ji, kunyar Bu Lastri ce ta hana shi faɗa.

Direbobin masana'anta kan tare shi a wurin shan shayi. "Mas, yau me garin ya ce?"

"Ya ce ka riƙe sitiyarinka, ka bar manya da aikinsu."

4. Kar ka ƙi kan shinkafa

Ranar buɗe sabon tanki aka kawo tumpeng, tulin shinkafa rawaya mai tsini, aka yi addu'a. Kowa ya san wanda manaja ya yanka wa kan tulin, kujerar ta zama tasa, saura sanarwa. Manajanmu Pak Hardjo ya yanka, ya wuce Bu Lastri, ya miƙa wa Gandung. Ka ɗan yi noƙe-noƙe don kunya, sannan ka karɓa. Gandung bai bar ko ƙwara ba.

5. In an ce ka gwada, yi murmushi

Da aka wanke hannu, Pak Hardjo ya ce yana so ya ga gwanintar nan da idonsa. Bu Lastri ta miƙa wa Gandung kwalbar ruwan haɗi da hannu biyu.

"Ɗigo-ɗigo dai ko, Mas?"

"Bu, ki bar wa masu kunne."

Ta koma gefe ta naɗe hannu.

6. Zuba har babba ya ce ya isa

Nan tarbiyya ke aiki. Uwarka ta koya maka in kana zuba wa babba shayi, ba ka tsayawa sai ya ɗaga hannu. Gandung bai san ma'auni ba, amma ya ce a ransa manaja ai ya sani. Ya karkata kwalba, idonsa a kan fuskar Pak Hardjo. Shi kuwa Pak Hardjo mutumin ofis ne, kuma a wurinsa rashin ladabi ne a gyara wa gwani a bainar jama'a, sai murmushi yake yana gyaɗa kai. Wannan na zuba, wancan na gyaɗawa. Bu Lastri ta yi gyaran murya har maƙogwaronta ya bushe. Kwalba ta ƙare. Inji ya yi nishi, ya tsaya.

7. Kar ka amsa laifi

Da aka tsiyaye tanki, dunƙule ɗaya aka tarar a ƙasa, girman kwakwa.

"Pak, cewa aka yi a dunƙula," in ji Gandung. "Ba a faɗi guda nawa ba."

Pak Hardjo ya jujjuya ta a hannu, ya yabi zagayenta, ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinta ba. In babba ya yabe ka haka a gaban mutane, fara kwashe kayanka.

Kafin mako ya zagayo Bu Lastri ta hau kujera. Gandung yanzu tare muke tura ganguna. Alkawarina kuwa ya cika, daga mai gadi har mai sayar da taliya a bakin ƙofa babu wanda bai san Mas Kwakwa ba. Direbobi in sun wuce sukan sauke gilashi su tambaye shi me ganga ta ce.

Gargaɗi: ni turin ganga na sani, ban taɓa riƙe kwalba ba. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a bayan amalanke, kar ya zo mini da kuka. Ya zo da safar hannu, ya kama ɓangaren hagu, na dama akwai mai shi, Mas Kwakwa.